Faifan Musamman Na Tsofaffin Finafinan Barkwanci: Me Ake Saye A Cikinsa?

Duk wanda ya leƙa YouTube zai iya kallon The General, fim ɗin Buster Keaton na 1926, ba tare da ya biya ko sisi ba, domin haƙƙin mallakarsa ya daɗe da faɗuwa a Amurka, kowa kuma yana da damar ɗora shi. Duk da haka kamfanoni irin su Kino da Cohen a Amurka, da Eureka a Ingila, sun yi ta fitar da shi a faifai, bugu bayan bugu, ana kuma saye da tsada. Wanda ya hango al'amarin daga nesa zai ɗauka son tara kaya ne kawai yake ɗibar mutane, su jera kwalaye masu ƙyalli a kanta don baƙi su gani. Akwai ƙamshin gaskiya a wannan zato. Sai dai ga tsofaffin finafinan ban dariya, musamman na zamanin da babu sauti, bugun masu tarawa ya wuce kwali da ɗan littafin da ke cikinsa. Kowane bugu hukunci ne da wasu masana suka yanke a kan tambayoyin da fim ɗin bai zo da amsarsu ba: da wane sauri za a nuna shi, wane kwafi ne za a ɗauka a matsayin na asali, wane kiɗa ne zai raka shi, kuma ina za a tsaya wajen gyara. Waɗannan hukunce-hukunce ne mai saye yake biya, ko ya sani ko bai sani ba.

Batun sauri ne ya fi kowanne muhimmanci, saboda barkwanci a kan lokaci yake rayuwa. Tun da sauti ya shigo a ƙarshen shekarun 1920 aka tsayar da hoto 24 a kowace daƙiƙa, amma kafin nan da hannu ake juya kyamara, saurin kuma ya bambanta daga fim zuwa fim, daga wajen hoto 16 har zuwa sama da 20. Mai nuna majigi a gidan silima shi ma yana da nasa saurin, wanda sau da yawa ya ɗara na ɗauka. A kan haka kuma 'yan wasan barkwanci sukan sa a rage juya kyamara da gangan a wurin guje-guje, domin idan aka haska, motsin ya fito da zafi fiye da yadda jikin mutum zai iya. Saboda haka babu wata lamba guda da za a ce ita ce daidai. Idan aka ɗauki gajeren fim ɗin Charlie Chaplin na kamfanin Keystone na 1914 aka gudanar da shi a kan hoto 24, mutane za su riƙa zabura kamar an tsikare su, kuma wannan ne ya dasa wa jama'a da dama tunanin cewa tsofaffin finafinai shirme ne. Idan kuma aka yi sanyi fiye da kima, faɗuwar da ya kamata ta zo a bazata sai ta zo mai kallo ya riga ya hango ta, dariyar ta mutu a hanya. Lamarin ya yi kama da makaɗin kalangu da ya saɓa wa takun mai rawa da ɗan kaɗan: babu wanda zai iya nuna inda kuskuren yake, amma kowa zai ji rawar ba ta zauna ba.

Na'urorin gida sun ƙara dagula lissafin. Talabijin na tsarin PAL, wanda Turai da Nijeriya suka yi amfani da shi, yana tafiya ne a kan hoto 25, don haka fim mai sauti yana ƙara sauri da kusan kashi 4 cikin 100 a kaset da DVD na wannan yanki, muryoyi ma su ɗan sirance. Faifan Blu-ray kuwa ya san 24, amma bai san 18 ko 20 ba, dole mai haɗa faifai ya riƙa maimaita wasu hotuna bisa wani tsari don cike giɓin, idan kuma tsarin bai yi kyau ba sai motsi ya riƙa tuntuɓe. Chaplin da kansa ya faɗa wannan rami. Lokacin da ya haɗa tsofaffin finafinansa uku ya sake fitar da su a 1959 da sunan The Chaplin Revue, an maimaita hotuna don su dace da saurin sauti, sakamakon kuwa shi ne motsi mai ɗan jan ƙafa wanda masana suka daɗe suna kuka da shi.

Daga sauri sai faɗin hoto. Keaton ya fi son a ajiye kyamara nesa, a ga mutum daga kai har ƙafa tare da abin da ke shirin afka masa, don mai kallo ya tabbatar babu dabarar yanka. A Steamboat Bill, Jr. na 1928 gaban wani gida sukutum ya faɗo masa, ya tsira saboda tagar sama ta sauka daidai inda yake tsaye, tazarar da ke tsakanin kafaɗarsa da katako kuwa ba ta wuce 'yan inci ba. Abin dariyar da abin tsoron duk suna cikin ganin bangon gaba ɗaya yana tahowa. To amma lokacin da aka riƙa sake buga finafinai marasa sauti don a liƙa musu kiɗa, layin sautin ya cinye gefen hagu na hoton, talabijin kuma ya ƙara datse gefuna. Kwafi da yawa da ke yawo kyauta jikokin irin waɗannan bugu ne, an kwafa daga kwafi har fuska ta zama farin dunƙule, alhali fuskar Keaton da ba ta motsi, idanu kaɗai ke aiki, ita ce rabin wasan.

Kafin a kai ga waɗannan hukunce-hukunce sai an sami fim ɗin tukuna, a nan kuwa labarin babu daɗi. Har zuwa farkon shekarun 1950 ana buga finafinai ne a kan sinadarin naitiret, wanda ke kama wuta cikin sauƙi, idan ya tsufa kuma ya narke ya koma gari. Gobarar ma'ajiyar kamfanin Fox a 1937 da ta MGM a 1965 sun lashe tarin finafinai, kamfanoni kuma sun zubar da wasu da hannunsu saboda suna ganin fim marar sauti ba zai sake kawo kuɗi ba. Binciken da David Pierce ya yi wa Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda ya fito a 2013, ya ƙirga dogayen finafinai marasa sauti kusan 11,000 da aka yi a ƙasar tsakanin 1912 da 1929, ya gano kashi 70 cikin 100 sun ɓace ɗungurungum, kashi 14 kacal ne suka rage a cikakkiyar siffarsu ta asali.

Abin da ya raba wanda ya tsira da wanda ya ɓace sau da yawa shi ne wa ke riƙe da haƙƙin mallaka, kuma manyan taurari uku, Chaplin da Harold Lloyd da Keaton, sun nuna hakan ta hanyoyi mabambanta. Chaplin yana cikin waɗanda suka kafa kamfanin finafinai na United Artists a 1919, shi ne mai finafinansa tun daga 1918, ya adana su da kyau, iyalinsa kuma suka damƙa aikin gyara ga ma'ajiyar Cineteca di Bologna a Italiya. Harold Lloyd shi ma ya mallaki nasa ya adana, ko da yake gobara ta cinye masa gajerun finafinansa na farko da dama a 1943, amma ya ƙi sakar wa gidajen talabijin su da araha, wannan ya sa ƙarni guda ya tashi bai san shi ba, duk da cewa a shekarun 1920 yana cikin waɗanda suka fi kowa cika gidajen silima. Sai a 2005 aka tattara ayyukansa a babban kundin DVD. Keaton kuwa bai mallaki komai ba. Joseph Schenck ne ya ɗauki nauyin finafinansa, ya koma MGM a 1928, tauraronsa ya dusashe, shi kansa ya ɗauka yawancin aikinsa ya salwanta. A shekarun 1950 ɗan wasa James Mason, wanda ya sayi tsohon gidan Keaton a Beverly Hills, ya tarar da gwangwanayen finafinai a wata ma'ajiya, wani mai tara finafinai kuma, Raymond Rohauer, ya bi duniya yana haɗa kwafi da haƙƙoƙi. Rohauer mutum ne da abokan sana'arsa da yawa ba su ƙaunata saboda yawan shari'a da sauya rubutun allo don ya kafa hujjar mallaka, amma tarin da ya bari, wanda kamfanin Cohen ya saya a 2011, shi ne tushen manyan gyare-gyaren Keaton na baya-bayan nan.

Masu tarawa na gida ma ba 'yan kallo ba ne a wannan tarihi, kuma wannan shi ne abin da ake yawan mantawa. A 1922 kamfanin Pathé na Faransa ya fara sayar wa iyalai ƙananan majigi da finafinai masu faɗin milimita 9.5, daga baya Blackhawk Films a jihar Iowa ya shekara da shekaru yana aika kwafin milimita 8 da 16 ta gidan waya. Waɗannan kwafi da suka kwana a ɗakunan mutane su ne yanzu ake cike giɓi da su. The Battle of the Century, gajeren fim ɗin 'yan wasan barkwanci biyu, Laurel da Hardy, na 1927, ya shahara da faɗan jifa da kek wanda ya game titi guda, amma shekaru da dama ba a san komai daga naɗinsa na biyu, wato rabinsa na ƙarshe, ba sai 'yan mintocin da Robert Youngson ya tsakuro a wani haɗin da ya yi a 1957. A 2015 wani mai tarawa, Jon Mirsalis, ya bayyana cewa ya sami cikakken naɗin a cikin tarin finafinan milimita 16 da ya saya. Sai a lokacin aka ga yadda faɗan ya taso a hankali, daga mutum biyu zuwa uku zuwa taro, abin da tsakuren ya haɗiye. Fim ɗinsu Hats Off na wannan shekarar ta 1927 kuwa har yau ko sama ko ƙasa.

Tambayar da ta fi wuya ita ce wane fim ne na gaskiya idan mai shi da kansa ya sauya shi, kuma babu misalin da ya kai The Gold Rush. Chaplin ya fitar da shi a 1925 babu sauti. A 1942 ya sake fitar da shi, ya cire rubutun allo, ya ɗora muryarsa yana ba da labari, ya sa kiɗa, ya taƙaita shi zuwa minti 72. Sauye-sauyen ba na tsayi kaɗai ba ne. A na 1925 yarinyar, Georgia, ta rubuta takardar ban haƙuri da soyayya ga wani namiji daban, shi kuma ya sa aka miƙa wa ɗan yawon da Chaplin ya fito a matsayinsa don a yi masa dariya, mai kallo ya san an yaudare shi, shi kuwa yana ta murna. A na 1942 an gyara wurin ya zama kamar shi ta rubuta wa tun farko, ɗacin ya tafi. An kuma yanke sumbar da ta rufe fim ɗin. Chaplin ya ɗauki na 1942 a matsayin kammalalle, an yi amfani da kayan asali wajen haɗa shi, na 1925 kuma ba a sabunta rajistar mallakarsa a Amurka ba a 1953, ya koma yawo a munanan kwafi. Sai a 1993 Kevin Brownlow da David Gill suka sake gina shi daga abin da ya samu. Lokacin da kamfanin Criterion na Amurka ya fitar da faifansa a 2012 ya sa duka biyun, a ganina kuma hakan ne kaɗai adalci, ko da yake ban ɓoye cewa na 1925 ya fi ba. A wurin da Chaplin ya dafa takalminsa ya ci, yana naɗe igiyar a cokali mai yatsu kamar taliya yana tsotsar ƙusoshi, ko wurin da ya soke burodi biyu ya sa su rawa a kan tebur, duk wata murya da ke bayani kutse ce. Mai fim yana da ikon sake tunani bayan shekara 17, amma ba shi da ikon shafe abin da mutanen 1925 suka gani suka yi dariya.

Ko inda mai fim bai sauya komai ba, asalin yakan zo biyu. A zamanin da babu sauti ana yawan kafa kyamara biyu gefe da gefe, ko a haɗa negatif, wato uwar fim da ake buga kwafi daga gare ta, na biyu daga wasu ɗauka daban, ɗaya don kasuwar gida ɗaya don ƙasashen waje. Faifan Kino na Steamboat Bill, Jr. ya zo da siga biyu masu bambancin kusurwa da ɗauka. Laurel da Hardy a 1930 da 1931 sun riƙa sake yin finafinansu da Sifaniyanci da Faransanci da Jamusanci, suna karanta kalmomin da ba su sani ba daga allo, wasu daga cikin waɗannan kuma sun fi na Turanci tsawo. Sai kuma almakashin hukumar tace finafinai: an datse wasu maganganu daga Animal Crackers na 'yan'uwan Marx, fim ɗin 1930, lokacin da aka sake fitar da shi bayan dokar tacewa ta yi ƙarfi, Amurkawa suka shekara tamanin suna kallon mai giɓi, har aka sami kwafin da ba a taɓa ba a ma'ajiyar BFI, cibiyar finafinai ta Birtaniya, ya fito a Blu-ray a 2016.

Kiɗa ba ya buƙatar dogon bayani. Fim marar sauti bai taɓa zama shiru ba, kullum akwai mai fiyano ko ƙungiyar makaɗa a gaban allo, kuma kiɗan da ya riga faɗuwa sanar da ita yana kashe ta. Kwafin arha sukan ɗora kowane kiɗa da ba a biyan kuɗinsa. Faifan Kino na The General kuwa ya ba da zaɓi uku, ciki har da na Carl Davis na 1987.

Tsarin da ake kira bugun musamman a yau Criterion ne ya kafa shi a 1984 a kan LaserDisc, babban faifan bidiyo da ya riga DVD, inda ya fara da Citizen Kane da King Kong, a na biyun kuma Ronald Haver ya yi sharhin murya a kan fim yana tafiya, abin da ba a taɓa yi ba kafin nan. A cikin waɗannan shekarun ne wasu kamfanoni suka ɗauki hanya ta daban, suna shafa wa finafinan baƙi da fari launi da kwamfuta, na Laurel da Hardy na cikin na farko, hayaniyar da ta biyo baya kuma ta taimaka wajen kafa dokar adana finafinai ta Amurka a 1988. Ƙarin kayan da ake cusawa a faifai ba duka ne ke da amfani ba, hirarrakin yabon juna sun yi yawa. Amma idan an dace suna sauya yadda ake kallo. Faifan Safety Last!, fim ɗin Lloyd na 1923, wanda Criterion ya fitar a 2013, ya nuna yadda aka yi wurin da Lloyd yake reto a hannun agogo: an gina bangon ƙarya a kan rufin dogayen gine-gine a Los Angeles, aka saita kyamara yadda titin gaske zai bayyana can ƙasa. Sanin dabarar bai rage tsoron ba, musamman idan aka tuna cewa Lloyd ya rasa babban yatsa da manuni na hannun dama a 1919, lokacin da wani bam da aka ɗauka na wasa ne ya fashe masa, da safar hannu ta musamman yake wannan hawa. Akwai kuma aikin da sharhi kaɗai zai iya yi. Jarumin The General yana ɓangaren Kudu ne a yaƙin basasar Amurka, ɓangaren da ya yi yaƙi don riƙe bauta, finafinan barkwanci da yawa na lokacin kuma suna da wuraren da Turawa ke shafa baƙi a fuska don kwaikwayon baƙar fata. Yanke irin waɗannan wurare ɓoye tarihi ne, barinsu babu bayani kuma sakaci ne. Faifai mai kyau yana barinsu, ya kawo masanin da zai faɗi abin da suke.

Wannan kasuwa tana da nata aibobi, ga kuma gaskiyar zaton da aka fara da shi. Fim guda ya fito a kaset, ya fito a DVD bayan 1997, a Blu-ray bayan 2006, a faifan 4K bayan 2016, kowane karo da alƙawarin cewa wannan ne na ƙarshe. Ana buga adadi kaɗan a kwalin ƙarfe don a tayar wa mutane da hankali su yi rububi, wasu kuma su saya su ajiye ba tare da sun ɓare leda ba, suna jiran farashi ya hau. Kalmar gyara ma takan ruɗi mutum. Manhajar goge datti ba ta bambanta ƙarce da siririyar igiya ko ɗigon ruwan sama, idan aka sakar mata hannu tana share ɗige-ɗigen azurfar da hoton ya ginu a kansu, fuskoki su koma sumul babu rai, kuma an yi wa wani kundin Laurel da Hardy na 2020 irin wannan suka. Sannan kuɗi yana bin suna: Chaplin da Keaton suna samun gyara a kan gyara, Mabel Normand kuwa, wadda tauraruwa ce a Keystone tun kafin Chaplin ya iso, kuma mai ba da umarni, ba ta samu ko kusa da wannan kulawa ba.

Duk da haka faifan bai mutu ba, ko da yake ya fice daga manyan kantuna. Netflix ya daina aika DVD a 2023, babban kantin Best Buy na Amurka ya daina sayar da faifan fim a 2024. Abin da ya riƙe masu saye shi ne sun ga yadda dandalin FilmStruck, wanda aka gina don tsofaffin finafinai, ya rufe a Nuwamban 2018, duk abin da ke cikinsa ya tafi dare ɗaya. Kuɗin da suke biya kuma yana cikin abin da ke ɗaukar nauyin gyaran da daga baya kowa zai gani a intanet. Mai sha'awa a Kano ko Yamai yana da wata matsalar a kan tsada da kuɗin jigila, wato kullen yanki, tsarin da ke hana faifan wani yanki aiki a na'urar wani yankin. An sa Nijeriya da Nijar a yanki na 5 na DVD, a Blu-ray kuma Afirka tana yankin B tare da Turai, alhali faifan Criterion na Amurka yawanci a kulle yake a yankin A. Saboda haka bugun Blu-ray na Eureka ko na BFI daga Ingila ya fi dacewa da na'urar da aka sayo don wannan yanki, sai dai idan mutum yana da wadda aka buɗe. Finafinan da babu magana a cikinsu kuwa su ne suka fi sauƙin tsallaka wannan nisa, domin ban da 'yan layukan allo babu abin da za a fassara, kuma masu kallon da suka tashi da finafinan chamama na marigayi Rabilu Musa Ibro ba sa buƙatar a yi musu bayanin dalilin da ya sa mutum mai yunwa yake cin takalminsa cikin ladabin teburin masu kuɗi.